Bokitin Suya da Kwalbar Lemo: Abin da Sallah Ke Bari a Jikin Mutanen Gombe

Washegarin Babbar Sallah, tun kafin rana ta take, hayaƙi ya cika lungunan Jekadafari da Bolari da Herwagana da Pantami. A tsakar gida an kafa murhu an ɗora ƙaton kasko, mata sun kewaye shi, wata na yanka, wata na juyawa da matsami, yara na kai-kawo suna jiran a miƙo musu tsoka. Kitsen ragon ake fara narkarwa, in bai isa ba a ƙara man gyaɗa, sannan a zuba naman da aka tafasa da gishiri da dunƙule da kayan ƙamshi. Ba a kwashewa sai ya soyu ƙayau, domin so ake ya yi makonni bai canza ba. In ya huce a juye a bokitin roba, a rufe, a kai ɗakin uwargida.

Ranar Sallah kanta ba ta da laifi. Mai lafiya in ya ci ya ƙoshi na wuni ɗaya ko biyu, jikinsa zai iya da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne makonnin da ke biyo baya, muddin bokitin nan bai ga ƙasa ba. A ɗebi tsoka biyar a sha shayi da safe, a ɗora wasu a kan shinkafa da rana, da la'asar baƙi su shigo a zubo a faranti da yaji, da dare kuma maigida na sauraron labarai yana tauna, bai san adadin da ya shiga cikinsa ba. Hausawa kan ce Sallah bikin ɗaya rana ce, ta wuce ta bar wawa da bashi. Bashin kuɗi ake nufi, amma jiki ma na ɗaukar nasa, kuma shi ba a cika lura da shi ba sai ya taru.

A Gombe kuwa bukukuwan ba sa barin a huta. A shekarar 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, aka yi Babbar Sallah ranar 6 ga Yuni, tsakaninsu kwana 68 kacal. Bayan wata guda da layya sai daren cika-ciki, wanda wasu gidajen ke adana masa wutsiyar rago ko kansa. Ga ɗaurin aure da ake yawan sa wa rana bayan Sallah, ga na bayan kaka idan amfanin gona ya shigo hannu. Disamba na kamawa 'yan'uwanmu Kirista su shiga hidimar Kirsimeti da sabuwar shekara, wasu su nufi Billiri da Kaltungo da Talasse, waɗanda suka zauna a gari kuma su aiko wa maƙwabta shinkafa da kaji da cincin, kamar yadda aka aika musu da nama ranar layya. Zumunci ne mai kyau, ba kuma wanda ke son ya gushe. Sai dai mutumin da ke da jama'a a garin nan da wuya ya yi wata biyu cur ba a ajiye masa babban faranti a gaba ba.

Mutane da yawa sun ɗauka azumi na wanke duk wannan. Gaskiya ne ana ɗan faɗawa a watan Ramadan. Wani nazari da aka buga a mujallar Nutrients a 2019, wanda ya tattara bincike 70 daga ƙasashe daban-daban, ya nuna masu azumi kan rage kilo ɗaya da ɗan ɗori. Amma nazarin ya kuma nuna cewa cikin mako biyu zuwa biyar bayan Sallah nauyin ya kan koma inda yake. Ke nan abin da aka sauke cikin kwana 29 ko 30 na ƙishirwa da yunwa, waina da miyar taushe da dubulan da alkaki na mayar da shi kafin a gama yawon gaisuwa.

Wani binciken ya fi wannan ba ni tsoro, duk da cewa adadin da ke cikinsa ƙarami ne. A shekarar 2000 masu bincike na cibiyar lafiya ta ƙasa a Amurka suka wallafa sakamakon awon da suka yi wa manya 195 kafin bukukuwan ƙarshen shekara da bayansu, a mujallar New England Journal of Medicine. Abin da ake yayatawa a can shi ne mutum kan ƙara fiye da kilo biyu. Da aka auna sai aka ga matsakaicin ƙarin bai kai rabin kilo ba, giram 370 ne. To amma da aka sake auna su bayan watanni, wannan ɗan ƙarin bai sauka ba. Waɗanda dama suke da ƙiba kuma su suka fi ƙarawa. Abincinsu daban da namu, amma jikin ɗan Adam ɗaya ne. Rabin kilo a shekara, in bai sauka ba, ya zama kilo 5 a shekara goma, kilo 10 a shekara ashirin. Su kuma lokacin bikinsu ɗaya ne a shekara.

Wanda ya fi kowa ganin wannan a Gombe shi ne tela. Duk mai ɗinki a wajen mutum ɗaya shekara da shekaru, ya roƙe shi ya buɗe tsohon littafin awo. Tsawon riga na nan yadda yake, kafaɗa ba ta motsa ba, amma lambar ƙugun wando an soke ta an rubuta wata a gefe, an sake sokewa. Babbar riga da zani na rufa asiri, shi ya sa mutum kan daɗe bai ankara ba.

Ka yi kyau, hutu ya karɓe ka

Ba za a fahimci matsalar ba sai an dubi yadda muke kallon ƙiba. Idan mutum ya dawo gida ya ciko, abin da zai ji shi ne ya murmure, ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. In ya rame kuwa sai a ja shi gefe a tambaye shi ko lafiya. Teɓar magidanci alamar wadata ce a idon jama'a, amarya kuma ana son a kai ta ɗaki ta cika fam. Wannan ne ya buɗe kasuwar magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda 'yan mata ke saya ba tare da takardar likita ba, musamman in biki ya matso. Galibinsu saiproheptadin ne mai buɗe ciki, ko deksametazon, wanda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki. Kumburin da ake gani ba lafiya ba ce. Uwar da ta ga irin waɗannan ƙwayoyi a jakar 'yarta, ta kai ta asibiti, kada a daina shan deksametazon kwatsam bayan an daɗe ana sha, domin hakan ma na da nasa haɗarin.

Wannan kallo da muke yi wa ƙiba ya samo asali ne daga zamanin da yunwa ce babbar barazana, mutane na noma da fartanya, suna tafiyar ƙasa, mata na daka da surfe da ɗebo ruwa. Yanzu a cikin birni ma'aikaci na fita daga gida ya hau acaɓa ko Keke, ya zauna a ofis ko shago har yamma, injin niƙa ya karɓi aikin turmi. Cin ya ƙaru, motsin ya ragu. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa a 2020 akwai 'yan Najeriya miliyan 21 da nauyinsu ya wuce ƙima, da wasu miliyan 12 masu ƙiba sosai. Wani makamancinsa ya ƙiyasta masu hawan jini sun kai miliyan 27.5, kuma waɗanda suka san suna ɗauke da shi ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ce a 2021 manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a ƙasar nan. Waɗannan su ne mutanen da ake ajiye wa faranti ranar Sallah, da yawansu ba su san halin da jikinsu ke ciki ba.

Naman, da abin da ke manne da shi

Nama abinci ne mai gina jiki, ba wanda zai ce a bar shi. Matsalar na cikin yawa, da kitse, da gishiri. Asusun binciken ciwon daji na duniya na ba da shawarar kada babba ya wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a mako, wato na rago da akuya da sa. Kusan ci uku ke nan a mako, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Mai bokitin suya a ɗaki na iya cinye na mako guda kafin la'asar.

Kitse kuwa shi ne inda nauyin ke ɓuya. Giram ɗaya na kitse ko mai na ɗauke da kalori 9, alhali na sitacin tuwo ko na furotin ɗin nama 4 ne. Cokalin cin abinci ɗaya na mai ya kai kalori 120, abin da sai mutum ya yi tafiyar sauri ta kusan rabin awa kafin ya ƙona shi. Naman da aka soya har ya bushe ruwansa ya fita, mai ya maye gurbin, shi ya sa ƙaramar tsoka ke da nauyin da ido ba ya gani. Sai kuma kakide, wanda ake tarawa a kwano a riƙa sa wa miya da wake da shinkafa har tsawon wata biyu. Irin kitsen nan mai daskarewa shi ke ɗaga kolestarol, wanda ke taruwa a hanyoyin jini ya ƙuntata su.

Gishirin ma ba a lissafa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a wuni, ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duk abincin da zai ci a haɗe. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabin nauyinsa gishiri ne. An sa shi wajen tafasa nama, an ƙara gishiri don kada naman ya lalace, an daka wani a cikin yaji, ga na miya. Ga mai hawan jini, wannan ya fi kitsen saurin yin illa. Masu fama da ciwon gawut, wanda ke kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare da zafi mai tsanani, su kuma kayan ciki irin hanta da ƙoda ne ke tayar musu da shi.

Gyaran ba shi da wuya, kuma a hannun masu riƙe da matsami yake. A yanke kitsen da ke bayyane tun wajen fiɗa. Abin da aka soya a tsane shi a kwando kafin a juye a bokiti. Wani kason a yi farfesu, a bar shi ya huce a kwashe man da ya taso sama. Inda firiza ke samun wuta a tafasa nama a ƙulla a ƙananan ledoji, kowace leda ta girki ɗaya, inda babu kuma a shanya ko a yi dambu. Daddawa da citta da tafarnuwa da masoro da albasa na ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule. Abin da ya fi komai muhimmanci a ganina shi ne naman ya koma cikin tukunyar miya, ya daina zama abin taunawa tsakanin abinci. Tsoka uku a miyar alayyahu ko ta yakuwa ko ta kuɓewa sun wadatar da mutum. Ganye da kayan lambu ba su yi wa Gombe nisa ba, ga masu noman rani a Dadin Kowa da Kwadon na shigo da tumatir da albasa da ganye. Kwaɗon zogale ko na rama a gefen faranti na cika ciki ya rage wurin waina.

Akwai kuma wata Gomben da ba ta da bokiti. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kusan rabin yaran jihar nan 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, saboda rashin abinci mai gina jiki. A faɗin Najeriya kuma kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa na fama da ƙarancin jini. Nama na cikin abin da ya fi komai ba jiki sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Wato naman da ke cutar da magidanci ɗan shekara hamsin mai hawan jini, shi ne ainihin abin da jikin jaririn da aka yaye a gidan maƙwabcinsa ke nema. Malamai na karantar da a kasa layya uku, na gida da na kyauta da na sadaka. Ya kuma tabbata a Bukhari da Muslim cewa akwai shekarar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku saboda mutane na cikin ƙunci, daga baya ya ba da izini. Ajiyewa halal ce, ba jayayya. Amma da irin tsadar da ake ciki, gidan da ya ga naman layyarsa zai kai cika-ciki alhali a layinsu akwai waɗanda ba su ɗora tukunya ba, ya kamata ya sake duba rabon. Ko a cikin gida ɗaya, sau da yawa manya maza ake zaɓar wa tsoka mai kyau, yara da masu ciki da masu shayarwa su samu ragowa. Su ne kuwa suka fi buƙata.

Ƙishirwar bazara

A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa ne a tsakiyar zafi, lokacin da rana a Gombe kan kai awo 40. Baƙo na shigowa a jiƙe da gumi, abin da za a fara miƙa masa shi ne lemon kwalba mai sanyi. Galibin waɗannan lemuka na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Robar santilita 50 ke nan ta kai giram 50, kusan ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a wuni guda, ta kuma ce in ya tsaya a rabin haka ya fi. Wanda ya shiga gida huɗu ya sha irin wannan robar huɗu, ya sha na kwana huɗu a yammaci ɗaya, kuma ba zai ji ya ƙoshi ba, domin sukarin da ke cikin ruwa ba ya tare ciki. Lemon malt da ake ɗauka yana ƙara jini shi ma cike yake da sukari. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa saye.

Zoɓo da kunun aya da lemon citta na gida sun fi, da sharaɗin ba a juye musu sukari da gwangwani ba. Uwargida na da ikon rage shi, ta sa abarba ko kankana ko 'yan dabino. Fura da nono in ba a cika mata sukari ba abinci ce cikakkiya, sai dai a ɗauke ta a matsayin abinci, ba abin sha bayan an ci tuwo ba. Ruwan sanyi kuwa shi ya kamata a fara ba baƙo.

Sai batun da ya fi wuya, wato ƙin cin abincin mutane. A al'adarmu wanda aka kawo wa abinci ya ce ya ƙoshi kamar ya raina masu gida ne. Za ka ji ana cewa ai ba ka ci komai ba, ko ɗan taɓawa ne ka yi. Ba sai an ɓata wa kowa ba. Mutum ya sa hannu ya ci loma biyu, ya yaba girkin, ya ce, "Goggo, yanzu na tashi daga kan kwano a gidan Baffa, a ƙulle mini in tafi da shi." Babu goggon da za ta ji haushin haka. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma ya faɗa a fili, ba abin kunya ba ne, kuma masu gida su daina matsa masa. Kada kuma a fita yawon Sallah da yunwa da nufin a bar wa naman wuri, mai yunwa ba ya iya tsayawa.

Motsa jiki ba sai an sayi kayan wasanni ba. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi irin tafiyar sauri, wato rabin awa sau biyar ya kai mafi ƙarancin. Tafiya filin Idi a ƙasa ga mai iko, a je ta wata hanya a dawo ta wata, sunna ce da aka sani. Gidajen dangi da ke unguwa ɗaya ba sa buƙatar acaɓa. Da sanyin safiya bayan Asuba ko bayan la'asar sakaliya ana iya zagaya unguwa, mata su haɗu biyu ko uku, masu sha'awa kuma ga filin wasa na Pantami. Masu azumin sitta Shawwal na da wata dama ta dawo da ciki kan tsari, in ba a mayar da buɗa-baki wata Sallar ba.

Awo kuma na taimakawa fiye da yadda ake zato. A Birmingham ta Ingila an gwada manya 272 a lokacin Kirsimeti, aka buga sakamakon a mujallar BMJ a 2018. An nemi rabinsu su riƙa hawa sikeli aƙalla sau biyu a mako suna rubutawa, aka ba su 'yan shawarwari kan ci da sha. Waɗannan ba su ƙara nauyi ba, sauran kuma suka ƙara, bambancin ya kai kusan rabin kilo. Wanda ba shi da sikeli, igiya ta ishe shi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2022 cewa faɗin ƙugun mutum kada ya kai rabin tsayinsa. A auna tsayi da igiya daga kai zuwa diddige, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita daidai saman cibiya kaɗan. In bakin biyu ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mafi kusanci da ciwon sukari da na zuciya.

Masu shan magani su ne suka fi buƙatar kulawa a waɗannan kwanaki. Mai ciwon sukari da likita ya sauya wa lokaci ko yawan magani saboda azumi, ya koma a daidaita masa da zarar azumi ya ƙare, kada ya ci gaba da tsarin Ramadan alhali cin ya sauya. Mai tafiya ƙauye yin Sallah ko Kirsimeti ya ɗauki maganin da zai ishe shi. Duk wanda ya haura shekara 40 kuma bai taɓa gwada jininsa ba, ya tsaya a cibiyar lafiya ta unguwarsu ko kantin magani mai rajista a auna shi kafin biki, minti biyar ya isa. In awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita a wata rana aka ga haka, ganin likita ya zama dole ko da mutum ba ya jin komai, domin hawan jini ba ya sallama.

Idan kuma ana tsakiyar hidima aka ga bakin wani ya karkace, ko hannu da ƙafa na ɓangare ɗaya sun saki, ko magana ta sarƙe, ko ya dafe ƙirji yana gumi, kada a tsaya shafa mai ko turare, kada a ce a bari a ga safiya. A sa shi a mota a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke kan hanyar Ashaka ko Asibitin Ƙwararru na jiha. Sashen gaggawa ba ya hutun Sallah, kuma a shanyewar ɓarin jiki awannin farko ne ke raba wanda zai tashi da ƙafarsa da wanda zai kwanta.